Filastar da ke Canja Gefe

Ni dai tun ina yarinya a unguwar Bulabulin kowa ya san ni da fargaba. In tukunya ta cika ƙara a kan murhu sai in ja da baya, in ce fashewa za ta yi. Da na haihu kuwa abin sai ya ninku. In jaririyata ta daɗe tana barci, in je in kara yatsa a hancinta. In ta ƙi barcin, in ce wani abu ne ke cin ta a ciki. Maigidana tun yana ba ni amsa har ya koma cewa "to" kawai, idonsa a kan waya.

A wannan hali nake, ban daɗe da gama wankan jego ba, aka dawo da surukina daga Turkiyya inda aka yi masa aiki. Ba zan faɗi sunan kowa ba, in kun karanta za ku ga dalili. Baba muke ce masa, matarsa kuma Hajja. A Gomari muke, kusa da filin jirgi, gida ɗaya, su a sashen gaba mu a na baya, kuma jirgin da ya ƙaraso da shi daga Abuja ta saman igiyar shanyata ya wuce.

Ciwon ya daɗe yana damunsa kafin a gaya mana mu mata. Ni dai na lura butarsa ba ta hutawa. Daga baya maigidana ya ce wani ɗan ƙullutun nama ne da maza ke da shi a ƙarƙashin mafitsara, furostet sunansa, shi ne ya kamu da ciwon daji. Ya ce an gano da wuri, cire shi za a yi gaba ɗaya. 'Ya'yan suka haɗa kai, babban yayansu ya raka shi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne da na ji an ce inji ne zai yi aikin.

"Inji kamar yaya?" na ce. Ni injin da na sani na markaɗe ne, sai na ban ruwa.

"Robot," in ji maigidana. "Hannuwa gare shi sirara kamar tsinken tsire. Likita na zaune a gefe yana kallo ta allo, shi ke juya su."

"In aka ɗauke wuta fa, hannun yana ciki?"

"Can ba a ɗaukewa."

"Ko'ina ana ɗaukewa."

Ya ce to.

Sai na gaya muku wani abu game da Baba, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Babarbare ne, dogo, tsohon ɗan kasuwar busasshen kifi, kuma mutum ne mai alfahari da cikinsa. Ba tumbi nake nufi ba, ba shi da shi. Tabo nake nufi. An taɓa yanka shi sau biyu. Akwai ƙarami a dama, na afendis. Akwai kuma dogo, tun daga ƙasan ƙirji har ya wuce cibiya, na lokacin da motar kifi ta kife da shi a hanyar Baga aka ɗinke masa hanji. Duk baƙon da ya zauna da Baba har aka kai shayi na biyu, to sai ya ga dogon nan. Zai ɗage riga, ya bi shi da yatsa, yana ba da labari. Kullum motar ƙara nauyi take, ramin da ta faɗa yana ƙara zurfi.

To mutumin da ya saba wa jama'a da haka, a ce ya je har ƙasar waje inji ya yanka shi, ai kowa ya san abin da ya kawo shi dubiya. Tun washegari gidan ya cika. 'Yan kasuwar kifi, 'yan masallaci, dangi daga ƙauye, da waɗansu daga GRA da suka toshe mana lungu da motoci. Baba na zaune a falonsa a kan darduma, a ƙasa, don shi bai yarda da kujera ba, kuma bai yarda baƙo ya same shi a kwance ba.

Ni ke kai shayi. In na shiga a bakin ƙofa nake durƙusawa, in gaishe su, in zuba, in tura tire. Tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Amma dai kaina ne a sunkuye, idona ba a rufe yake ba. Ta haka na ga filastar. Fara ce, mai faɗin tafin hannu, da auduga a ƙarƙashi, a gefen hagu ƙasa da cibiya. Baba zai ɗan ɗage riga ya ce, "Nan ne. Likita ya hana buɗewa." Jama'a su leƙa su ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Wata safiya na durƙusa ina zuba shayi, Baba ya ɗage riga, sai ga filasta a dama, kusa da tabon afendis.

Saura kaɗan in zuba wa wani tsoho shayi a ƙafa. Na fito da sauri. Na ce shi ke nan, ciwon ya yi tafiya. Na ce a'a, wuri biyu aka yanka, an ɓoye mana ɗaya. Na ce ko injin ne ya manta wani ƙarfe a ciki yana yawo. Kashegari na shiga da wuri don in tabbatar, sai na tarar ta koma hagu, har ta ɗan hau sama.

Daga nan na fara kallon sauran jikin. Wanda aka yanka a ciki, in tari ya zo masa cikin yake dafewa, na ga haka wurin yayata da aka yi wa aikin haihuwa. Baba in ya yi tari ko kallon cikin ba ya yi, gwiwoyinsa yake matsewa. Ga kuma zaman. Ya ɗosana a gefe guda ya tokare da hannu, an jima ya koma ɗaya gefen, yana murmushi gumi na tsattsafo masa a goshi. In zai tashi sai ya fara yin rarrafe. Wallahi na san wannan zaman. Da na haifi 'yata na ƙaru, aka yi mini ɗinki, kuma haka na wuni ranar suna, mata na ta barka ina ta washe haƙora.

Na tari maigidana da maganar. Ya ajiye wayar, abin da ba ya yi, ya ce, "Ke kam! Yanzu kuma cikin Baba kike leƙe?" Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ya ce in bar maganar. Amma yadda ya faɗa yana kallon bango, na san akwai maganar da za a bari.

Na daure har azahar, na kasa. Na goya yarinya na shiga wurin Hajja. Tana zaune tana haɗa turaren wuta, hannunta duk mai. Na gaishe ta, na tambayi ƙafarta, na yaba turaren, na sake tambayar ƙafar.

"Faɗi abin da ya kawo ki, 'yata," ta ce. "Ƙafar tana nan inda kika bar ta."

Na ce, "Hajja, ki yafe ni. Filastar Baba ce. Ba ta zama wuri ɗaya."

Hannunta ya tsaya a cikin kwano. "Yau a ina take?"

"A hagu."

"Jiya fa?"

"A dama, Hajja."

Ta yi wata magana da Barbarci wadda ban kama ba, sannan ta kifa kai a gwiwa. Na zaci kuka take, har na fara salati. Ashe dariya ce. Ta yi ta yi har yarinyar da ke bayana ta farka.

"Ni nake liƙa masa kowace safiya," ta ce tana share ido da gefen lafayar da ta yafa. "Yana fuskantata, yana ta cewa yi sauri, baƙi sun iso. Ina zan tuna inda na sa jiya? Babu komai a ƙarƙashinta sai fatar da Allah ya yi masa."

Ta sa na tura ƙofa, sannan ta ba ni labarin. Da likitocin can suka duba, sai suka ga tsofaffin yankan nan sun sa kayan cikin Baba sun manne da juna, shiga ta nan akwai haɗari. Sai suka ce ta ƙasa za su bi. A yi mini afuwa, dole in faɗa sau ɗaya: ɗan wurin nan tsakanin gaban namiji da bayansa, nan suka yi ƙaramin yanka, hannuwan injin suka shiga ta nan suka ciro abin.

"Daidai inda aka ɗinke ki," in ji Hajja. "Ni da ke da shi, yanzu duk mun zama ɗaya."

Baba ya yarda aka yi, don yana son ransa. Amma tun a gadon asibiti ya ce wa babban ɗansa in wannan magana ta shiga kasuwar kifi, to shi ya gama fita ƙofar gida. Mutumin da ya shekara da shekaru yana nuna tabo, yanzu a ce masa ina na ukun, ya ce me? Shi ya sa aka sayo filasta.

Sai kuma dariyar Hajja ta ɗauke. Ta ce likita ya gargaɗe shi kada ya riƙa daɗewa a zaune, balle a ƙasa mai tauri, ga shi tun safe har la'asar a kan ɗinkin yake. Wurin ya fara kumbura. Ta yi magana ya ce ta fita harkarsa, wai in ya kwanta gaban mutane za a ce ya ƙare, ko a fara tambayar me ya hana shi zama. 'Ya'yan kuwa ba wanda zai iya buɗe baki ya yi wa ubansa zancen wannan wuri.

Abin mamaki, sai na ji na ɗan natsu. Tunda nake, ranar ce fargabata ta fara samun abin kamawa na gaske.

Na ce, "Hajja, ki riƙa bin agogonsa. Hannun da agogo yake, gefen nan za ki liƙa." Ta ce Allah ya yi mini albarka. Sannan muka ƙulla yadda za mu rage masa zama. A gidanmu in aka shigo da kaskon turare baƙo ya kara rigarsa, to ya san an sallame shi. Da sai an sha shayi na uku nake kaiwa. Sai na koma kaiwa bayan na farko. Wata rana 'yan masallaci ba su gama "ya jiki, ya iyali" ba suka ji hayaƙi na shiga musu hannun riga. Suka dubi juna, suka shafa fatiha, suka tashi. Amma wasu na fita wasu na shigowa, Baba kuma na nan a ɗosane.

Ana haka aka ce aminin Baba ya dawo daga fataucin shanu, zai zo ranar Juma'a. Bafulatani ne, siriri, baki kamar reza. Kun san tsakanin Fulani da Barebari wasa ne, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma duk abin da suka yi wa juna ba a fushi. Wannan mutumin ya taɓa cire wa Baba hula a tsakiyar ɗaurin aure. Dogon tabon nan ma ya taɓa auna shi da taƙi, ya ce buhun gero ya fi shi samun ɗinki mai kyau.

Hajja ta ce, "Wannan sai ya ɓare filastar nan."

Ranar ko abincin kirki ban ci ba. Bayan an sauko daga masallaci falo ya cika maƙil, sai ga muryarsa tun daga zaure.

"Ina bawan nawa? An ce an kai shi waje an yi masa gyara. In gani ko yanzu zai sayu."

"Wa ya bar Fulata ya shigo?" in ji Baba. "Ku ɓoye madarar shayin nan."

"Wushe, wushe," ya ce yana kwaikwayon gaisuwar Barebari, ya ratsa mutane da sandarsa ya zauna dab da Baba.

Ni kuwa tsabar ruɗewa, tare na shigo da shayi da kaskon turare. Ya dube ni, ya dubi kaskon.

"'Yar nan, korata kike tun ban zauna ba? Ajiye shi can. Mu hayaƙi ba ya korar mu, a cikinsa muke zama da shanu."

Aka kwashe da dariya. Na durƙusa a bakin ƙofa ina ta juya cokali a kofin da babu sukari, na kasa fita.

"An ce ƙarfe ne ya yanka ka," ya ce wa Baba. "Na ce dole. Wane ɗan Adam ne zai jure ƙarnin kifin nan? Buɗe mu gani."

Baba ya ɗan ɗage riga. Filastar na hagu, gefen agogo. "Nan ne. Likita ya hana buɗewa."

"Likitan yana Turkiyya."

Kafin Baba ya saki rigar, mutumin ya matso a kan gwiwa, ya ba jama'a baya, babbar rigarsa ta kare su. Baba ya cafke masa wuyan hannu, amma ya makara, ya riga ya ɗaga gefen filastar. Daga inda nake ina hango komai. Fata ce sumul, sai ɗan sawun danƙo. Na ɗaga kai, ranar na fara ganin idon Baba sosai, kuma ban so abin da na gani a ciki ba. Kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya, ga furfura.

Bafulatanin ya dubi cikin. Ya dubi hannun da Baba ya tokare da shi, da yadda ya karkace, da gumin goshinsa. Jama'a na jira. Ni na riga na fara tunanin garin da za mu koma.

Sai ya mai da filastar a hankali, ya danne bakinta da babban yatsa, ya juyo.

"Inna lillahi! Jama'a, haka suka yi wa bawan Allahn nan? Ni da na tsufa a mahauta ban taɓa ganin rami irin wannan ba."

Wani ɗan kasuwar kifi ya miƙo wuya. "Mu gani mana."

Ya tare shi da sanda. "Ka ci abincin rana?"

"Na ci."

"To kada ka gani." Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ku kuma ba ku da tausayi? Kun tasa shi gaba yana zaune kamar mai sayar da goro. Mai irin wannan ko saniya ce a gefe ake kwantar da ita. 'Yar nan, katifa da filo, maza."

Ban san lokacin da na kai ɗakin Hajja na dawo ba. Baba ya ce, "Ni ba na kwanciya gaban baƙi."

"Wa ya tambaye ka? Ubangidanka ne ya ce ka kwanta. Yaushe bawa ya fara musu?"

Falo ya sake ɗaukar dariya, har da masu cewa a bi umarnin Fulata yau ɗaya. A cikin dariyar nan Baba ya samu hanya. Ya yi rarrafensa ya hau katifa, ya kwanta a gefe, ya tokare kai da hannu. Ajiyar zuciyar da ya yi ba wanda ya kula da ita sai ni.

"Allah zai haɗa mu, Fulata," ya ce.

"Ya riga ya haɗa, shi ya sa nake wahala."

Sai da aka kira la'asar ya tashi tafiya. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke kofuna, ya tsaya a kaina, ya rage murya.

"'Yar nan, wa ke yi masa ɗaurin nan?"

Na ci gaba da cuɗa kofi.

"Ki ce da Hajja ta riƙa ɗiga jan maganin nan, aidin, a audugar. Fara tas kamar rawanin liman, wa za ta ruɗa?" Ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Kawo turaren naki yanzu."

Hajja ba ta iya abu kaɗan ba. Kashegari audugar ta fito jawur har ta ɓata rigar ciki. Duk wanda Baba ya ɗaga wa riga sai ya kau da kai ya ce subhanallahi, ba wanda ya ƙara cewa a buɗe. Labarin ramin kuwa ya riga ya zaga kasuwa, har masu zuwa dubiya suka koma su ne ke cewa kada ya tashi, ya yi kwanciyarsa. Na matsa wa maigidana, shi kuma ya matsa wa yayansa, aka kai Baba wurin wani likita a cikin gari da sunan gwajin jini. Ya duba ya ce kumburin na sauka, a ci gaba da abin da ake yi. Gwajin ma ya fito lafiya.

Da na ga Baba ya fara zama daidai, sai wata sabuwar fargaba ta taso mini. Filasta ba ta dawwama. Ranar da aka cire ta, a ce ina tabo, sai a ce me? Na kai wa Hajja, ta ce, "Ke kam, ko aljanna aka sa ki sai kin tambayi ina ƙofar gudu." Amma na ga ita ma abin ya dame ta.

Baba bai shawarci kowa ba. Wata Juma'a falo ya cika, aminin nasa na nan, ina zuba shayi na biyu. Baba na zaune daram a kan darduma, ƙafa a tanƙwashe. Sai ya kama riga ya ɗage ta har ƙirji. Ga ƙaramin tabo, ga dogon, ga sauran ciki sumul.

"Ina wurin?" in ji ɗan kasuwar nan da aka hana gani.

"Nemo shi," Baba ya ce. "Aikin inji ke nan. Ku tambayi Fulata yadda yake da."

"Hannuna zai shige har nan," in ji Bafulatanin, ya nuna gwiwar hannu, ko ƙifta ido bai yi ba.

Aka ɗauki kabbara. Wani tsoho ɗan masallaci ya ce shi sai ya taɓa. Ya matso, ya gyara tabarau, ya shiga lalube da yatsu a gefen dama, can sama kusa da haƙarƙari, inda ko Hajja ba ta taɓa kai filasta ba. Ya daɗe yana shafawa. Can ya tsaya.

"Ga shi nan," ya ce. "Na ji ɗan tudu."

Baba ya leƙa, ya gyaɗa kai.

"Nan ne," ya ce.